Lambar Gidajen Shaɗaranji: Nazari a kan 18,446,744,073,709,551,615

Gabatarwa

Akwai wata lamba da ta daɗe tana yawo a cikin littattafan malaman Musulunci da na Turawa, marubuta tarihi sun ba da labarinta, masana hisabi sun yi ta tone-tone a cikinta, a yau kuma tana nan kwance a cikin kwamfutocin zamani ba tare da yawancin masu aiki da su sun sani ba. Lambar ita ce 18,446,744,073,709,551,615. Galibin waɗanda suka yi magana a kanta girmanta ne ya ɗauke musu hankali, sai su tsaya ga auna ta da buhunan hatsi ko da shekarun duniya, su yi mamaki, su wuce. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa a wannan maƙala shi ne cewa halayen lambar, tun daga alƙalamin da ta ƙare da shi har zuwa lambobin da ke raba ta, sun samo asali ne daga yadda aka gina ta, watau an ɗauki 1 an yi ta ninkawa har sau 64, sa'an nan aka ɗebe ɗaya. Wanda ya riƙe wannan ginin yana iya sanin abubuwa da yawa game da ita tun bai ɗauki alƙalami ya shiga doguwar rabawa ba.

Kafin a shiga bayani ya kamata a daidaita kalmomi biyu. Lambar da ta fi 1, wadda babu abin da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta, kamar 2 da 3 da 5 da 7 da 11, za a kira ta gagara-rabo, bisa tsarin harɗaɗɗun sunaye irin su gagara-badau. Ninka 1 har sau 64 kuwa, wanda daidai yake da jera 2 guda 64 a buga su da juna, za a riƙa rubuta shi 2⁶⁴. Lambarmu ke nan ita ce 2⁶⁴ − 1.

Asalin labarin

Mafi shaharar ruwayar labarin tana cikin Wafayatul A'ayan na Ibnu Khallikan, alƙalin nan da aka haifa a Irbil a 1211 ya rasu a Dimashƙa a 1282, wanda ya fara rubuta littafin a Alƙahira a 1256. Ya kawo labarin ne a cikin tarihin Abubakar as-Suli, gwanin shaɗaranji na fadar Bagadaza. Shaɗaranji shi ne wasan nan mai sarki da waziri da dawaki da dakaru, wanda ake yi a kan allo mai gidaje 64, takwas-takwas a layi takwas. An ce wani mai hikima na ƙasar Indiya, Sissa ɗan Dahir, shi ya ƙago wasan ya kai wa sarki Shihram, sarki ya yi murna ya ce ya faɗi tukuicin da yake so. Sai ya roƙi a sa masa ƙwayar alkama ɗaya a gida na farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ninkawa haka har gida na 64, a ba shi abin da ya taru. Sarki ya raina roƙon, har ya ji haushin an nemi abin da bai kai darajarsa ba, sai da ma'ajinsa suka zauna suka yi lissafi suka komo suka gaya masa cewa alkamar duniya duka ba ta biya.

Abin sha'awa a ruwayar shi ne Ibnu Khallikan da kansa bai gamsu ba da farko, sai da wani mai hisabi ɗan Iskandariyya ya zaunar da shi ya nuna masa ta hanyar awo. A gida na 16 akwai ƙwaya 32,768, mutumin ya ɗauke su a matsayin mudu guda. A gida na 20 an sami mudu 16, watau ma'aunin da Misirawa ke kira waiba. Da aka kai gida na 40 an sami irdabbi 174,762 da sulusi biyu, kowane irdabbi waiba shida, sai ya ce a ɗauki wannan a matsayin cikin rumbu ɗaya. A gida na 50 rumbuna sun kai 1,024, ya ce wannan birni guda ke nan, a gida na 64 kuwa birane 16,384, ya kuma tunasar da alƙali cewa biranen duniya ba su wuce haka ba. Dabarar mutumin nan dabara ce ta malamin kirki: duk sa'ad da lamba ta yi wa hankali nauyi sai ya ɗaure ta dami guda, ya ba ta suna, ya soma ƙirga daga ɗaya.

Mu ma muna iya gwadawa da awon zamani. In aka ƙaddara ƙwayar alkama 20 ke yin giram ɗaya, jimillar za ta haura tan biliyan 920. Alkamar da duniya ke nomawa a shekara a 'yan shekarun nan tana kusa da tan miliyan 800, saboda haka sai an tara noman sama da shekara 1,100 kafin a biya Sissa. Da a ce a kan darar da ake yi da gurbi 30 aka yi wannan alkawari, abin da zai taru ƙwaya 1,073,741,823 ne, kimanin tan 54, abin da manyan motoci biyu za su kwashe, kowane attajirin Dawanau ya iya biya. Tsakanin gurbi 30 da gida 64 ne abin ya fi ƙarfin sarakuna.

Yadda ake samun jimilla

Tara lambobi 64 waɗanda na ƙarshensu ke da alƙaluma 19 aiki ne mai gajiyarwa, kuma ba a bukatarsa. A dubi gidaje uku na farko: 1 da 2 da 4 sun tashi 7, gida na huɗu kuwa 8 ne. A ƙara 8 ɗin a sami 15, gida na biyar 16. Kullum abin da ya taru yana gaza gida na gaba da ƙwaya ɗaya tak. Dalilin a fili yake: in jimillar baya ta gaza gidan da ake kai da ɗaya, to haɗa su biyun zai gaza ninkin gidan da ɗaya, ninkin kuwa shi ne gida na gaba. Jimillar gidaje 64 ke nan ita ce abin da zai kasance a gida na 65, da akwai shi, a ɗebe ɗaya. Daga nan ma ake gane cewa gida na ƙarshe shi kaɗai ya fi dukan gidaje 63 da suka gabace shi a haɗe.

Saura yadda za a kai gida na 65 ba tare da ninkawa sau 64 ba. Abu Raihan al-Biruni ya nuna hanyar a cikin al-Asarul Baƙiya, littafinsa kan kalandar al'ummai, wanda ya rubuta wajen shekara ta 1000, fiye da ƙarni biyu kafin Ibnu Khallikan. A gida na 5 akwai 16. In aka buga 16 sau kanta a sami 256, wanda shi ne gida na 9. A buga 256 sau kanta a sami 65,536, gida na 17. A sake, a sami 4,294,967,296, gida na 33. A sake sau ɗaya, a sami 18,446,744,073,709,551,616, gida na 65. Taki huɗu ke nan maimakon sittin. Ina roƙon mai karatu ya riƙe waɗannan matakala, 16 da 256 da 65,536 da 4,294,967,296, domin za a sake bin su nan gaba, amma ta gangarowa.

Faɗar lambar da Hausa

Tun da mujallar harshe muke ciki, ba zai yiwu a wuce ba a tambayi yadda Bahaushe zai furta wannan lamba ba. Ƙirgan gargajiya ya tsaya ne a kan dubu da zambar, sai a ce zambar goma, zambar ɗari, zambar dubu ko dubu dubu. 'Yan kasuwar zamanin wuri kuwa suna da keso, watau wuri 20,000 a ƙunshe cikin tabarma, irin dabarar da mai hisabin Iskandariyya ya yi da rumbunsa. Ko da keso aka auna, lambarmu za ta ba da keso 922,337,203,685,477 da ragowar wuri 11,615, ba a dai tsira ba. Larabawan da ba su da kalmar da ta wuce alfu, sai su yi ta maimaita ta, kuma a wannan lamba rukunin farko, watau 18, yana bukatar a ce dubu har sau shida a jere. Da kalmomin aro na yau ana iya cewa biliyan sau biliyan goma sha takwas da ɗoriya.

Amma fa kalmar biliyan kanta tana da tarko. A Nijeriya tana nufin miliyan dubu, kamar yadda take a Amurka, kuma kamar yadda gwamnatin Ingila ta amince a 1974. A Faransanci kuwa miliyan dubu miliyar ce, abin da ake ji a bakin Hausawan Nijar ke nan, kalmar da ta yi kama da biliyan kuma tana nufin miliyan sau miliyan. Mai fassara tsakanin Kano da Maraɗi da bai lura da wannan ba yana iya ninka kasafin kuɗi sau dubu. Akwai kuma matsalar da ke cikin ginin jimlar ƙirga kanta: in aka ce dubu ɗari da biyar, mai sauraro bai san ko 100,005 ake nufi ko 105,000 ba, sai an ƙara masa da cewa da guda biyar ko da dubu biyar. A lamba mai rukuni bakwai irin tamu wannan shubuha tana iya aukuwa sau shida. Ni a ganina mafita ga malaman makaranta ita ce a saba wa ɗalibai maimaita sunan rukuni a duk inda aka ce da, ko da jimlar ta yi tsawo.

Lambobin da ke raba ta

Abu na farko da ido ke gani shi ne lambar wutiri ce, domin duk ninkin biyu shafa'i ne, in an ɗebe masa ɗaya ya zama wutiri. Na biyu, ta ƙare da 5. Wannan ma ana iya saninsa tun ba a yi lissafin ba, domin alƙalamin ƙarshe na ninke-ninken biyu yana kewayawa ne 2, 4, 8, 6, sa'an nan ya komo 2, kuma tun da 4 tana raba 64, ninki na 64 zai faɗa kan 6, a ɗebe ɗaya saura 5. In aka tara alƙalumanta guda 20 za a sami 87, wadda 3 ke rabawa amma 9 ba ta rabawa, haka kuma lambar kanta take.

Wannan kewayawa ita ce mabuɗin sauran tambayoyi irin wannan. A ce mutum bakwai za su raba alkamar daidai wa daida. In ana raba ninke-ninken biyu da 7, ragowar tana tafiya 2, 4, 1, 2, 4, 1, uku-uku. Ninki na 63 zai bar 1, na 64 ya bar 2, a ɗebe ɗaya, saura ƙwaya ɗaya tilo da za ta rasa mai ita. In su goma sha ɗaya ne, kewayen goma-goma ne, ninki na 64 ya yi daidai da na 4, watau 16, wanda ke barin 5, saboda haka ƙwaya huɗu za su rage. Ƙa'idar da ke ƙarƙashin wannan ita ce gagara-rabo ba ta raba 2⁶⁴ − 1 sai in tsawon kewayenta yana raba 64, watau ya kasance 2 ko 4 ko 8 ko 16 ko 32 ko 64. Wannan sharaɗi ne mai tsanani ƙwarai, shi ya sa a duk lambobin da ke ƙasa da 250 gagara-rabo uku kaɗai suka cika shi, 3 da 5 da 17.

To, yaya za a gano sauran? A nan ne za a gangaro ta matakalar al-Biruni. Akwai wata ƙa'ida mai sauƙi: in aka buga lamba sau kanta aka ɗebe ɗaya, abin da ya fito daidai yake da lambar da ke ƙasa da ita sau wadda ke sama da ita. Alal misali 4 sau 4 a ɗebe ɗaya 15 ne, watau 3 sau 5. Lambarmu kuwa an ga cewa 4,294,967,296 ce sau kanta a ɗebe ɗaya, saboda haka ta tsage biyu:

4,294,967,295 × 4,294,967,297

Ta farkon ita ma 65,536 ce sau kanta a ɗebe ɗaya, sai ta tsage zuwa 65,535 da 65,537. Haka 65,535 ta ba da 255 da 257, sa'an nan 255 ta ba da 15 da 17, a ƙarshe 15 ta ba da 3 da 5. Ba a yi rabawa ko ɗaya ba, ga shi lambar ta warware kamar an ja bakin zaren saƙa:

3 × 5 × 17 × 257 × 65,537 × 4,294,967,297

Kowace daga cikin shidan nan ɗaya ce a kan wani mataki na matakalar, watau 2 da 4 da 16 da 256 da 65,536 da 4,294,967,296. Ana kiran su lambobin Fermat, da sunan Pierre de Fermat, alƙali a birnin Tulus na Faransa wanda ke hisabi a lokacin hutunsa. Biyar na farko duka gagara-rabo ne. Ganin haka Fermat ya bayyana a cikin wasiƙunsa, tun daga 1640, cewa yana da yaƙinin duk lambobin wannan jeri haka suke har abada, ko da yake ya yarda bai sami hujjar da za ta tabbatar ba. Da zatonsa ya yi daidai, da bayanin lambarmu ya ƙare a nan da gagara-rabo shida.

Al'amarin 641

Zaton ya zauna shekara casa'in da 'yan kai ba wanda ya rushe shi, sai a 1732 Leonhard Euler, ɗan ƙasar Suwizalan mai shekara 25 da ke aiki a Cibiyar Kimiyya ta San Fitasbag a Rasha, ya nuna cewa

4,294,967,297 = 641 × 6,700,417

Ba laluben makaho ya yi ba. Ya gano, ya kuma tabbatar a wani rubutu na baya, cewa duk gagara-rabon da za ta raba wannan lamba dole ta kasance ɗaya a kan wani riɓi na 64. Wannan ya fito ne daga batun kewayen da aka yi a sama: tsawon kewayen irin wannan gagara-rabo 64 ne cif, kuma wata ƙa'ida ta Fermat kansa ta nuna cewa tsawon kewaye kullum yana raba lambar da ke ƙasa da gagara-rabon da ɗaya. 'Yan takara ke nan su ne 65, 129, 193, 257, 321, 385, 449, 513, 577, 641 da abin da ya yi gaba. In aka fid da waɗanda ba gagara-rabo ba, saura 193 da 257 da 449 da 577 da 641. A gwaji na biyar aka dace. Abin mamaki shi ne Fermat ya san wannan hanya, har ya yi aiki da irinta a kan wasu lambobi, amma ga wannan sai ta kuɓuce masa.

Mai karatu na iya tabbatar wa kansa al'amarin 641 ba tare da doguwar rabawa ba, domin lambar tana da fuska biyu. Ta ɗaya, 641 ita ce 5 sau 128 da ɗaya, watau 5 × 2⁷ ta gaza 641 da ɗaya. In aka buga 5 × 2⁷ sau kanta, aka sake buga abin da ya fito sau kansa, za a sami 625 × 2²⁸, kuma wannan zai bar ragowar 1 in an raba shi da 641, domin duk lambar da ta gaza wata da ɗaya in an buga ta sau kanta ragowar 1 take bari. Ta biyu, 641 ita ce 625 da 16. Saboda haka 641 × 2²⁸ ya ƙunshi kashi biyu, 625 × 2²⁸ da kuma 16 × 2²⁸, wanda shi ne 2³². Tun da jimillar biyun tana rabuwa ba saura, kashi na farko kuma yana da rarar ɗaya, lalle ne 2³² ta kasance da giɓin ɗaya. A cike mata giɓin, a sami 2³² + 1, watau 4,294,967,297, wadda 641 ke rabawa.

Ita 6,700,417 gagara-rabo ce, saboda haka cikakkiyar warwarar lambarmu ita ce

3 × 5 × 17 × 257 × 641 × 65,537 × 6,700,417

Gagara-rabo bakwai ke nan, babu wadda ta maimaitu. Rashin maimaituwar ma yana da dalili. Kowace lambar Fermat, in aka ɗebe mata biyu, daidai take da dukan waɗanda suka gabace ta an buga su da juna: 3 sau 5 shi ne 15, watau 17 ba biyu, 3 sau 5 sau 17 shi ne 255, watau 257 ba biyu. Duk abin da ya raba biyu daga cikinsu ke nan dole ya raba 2, alhali kuwa dukansu wutiri ne, saboda haka ba su tarayya a komai sai 1. Christian Goldbach ya lura da wannan a wata wasiƙa da ya aika wa Euler a 1730. Tun da kowace daga cikin bakwai ɗin ana iya ɗaukarta ko a bar ta, yawan lambobin da ke raba lambarmu ba saura shi ne 2⁷, watau 128, har da 1 da ita kanta.

Zaton Fermat kuwa ya ci gaba da rushewa. Maƙwabciyar lambarmu ta sama da biyu, 2⁶⁴ + 1, ita ce ta bakwai a jerin, kuma Fortuné Landry ya bayyana a 1880, yana da shekara fiye da tamanin, cewa 274,177 tana raba ta. An tabbatar cewa guda 28 da ke biye da 65,537 a jerin babu gagara-rabo ko ɗaya a cikinsu, kuma ba a taɓa samun wata bayan biyar ɗin farko ba.

Rula da kamfas

Waɗannan biyar suna da wani aiki a fannin da ba a zata ba. Tun zamanin Yunanawa an san yadda za a zana siffa mai gefe 3 ko 5 ko 15 daidai wa daida da rula da kamfas kaɗai, sai abin ya tsaya a nan har shekara dubu biyu. A 1796 Carl Friedrich Gauss, bai cika shekara 19 ba, ya nuna cewa mai gefe 17 ma tana zanuwa. Ya bayyana ƙa'idar a 1801, Pierre Wantzel ya kammala hujjarta a 1837: siffa mai gefe wutiri ba ta zanuwa ta wannan hanya sai in yawan gefenta gagara-rabo ce ta jerin Fermat, ko kuwa an same shi ta buga wasu daga cikinsu da juna ba maimaici. Da biyar ɗin da aka sani ana samun siffofi 31, mafi girmansu mai gefe 4,294,967,295, watau rabin farko na tsagewar lambarmu. Ita kanta lambar shaɗaranji ba ta shiga wannan sahu ba, domin 641 da 6,700,417 ba na jerin ba ne. Wani Bajamushe, Johann Hermes, ya shafe kimanin shekara goma yana tsara yadda za a zana mai gefe 65,537, ya kammala a 1894, takardunsa suna nan ajiye a Jami'ar Gotingen. Ban ga laifin wanda ya ce wannan wahala ce da ba ta ƙara wa ilmi kome ba, tun da Gauss ya riga ya tabbatar abin mai yiwuwa ne.

Hasumiya da kwamfuta

Lambar ta sake ɓullowa a 1883, sa'ad da Édouard Lucas na Faransa ya fito da wasan Hasumiyar Hanoi. Ana da turaku uku da faya-fayai masu bambancin girma a jere a kan ɗaya, ana so a mai da su kan wani, ɗaya bayan ɗaya, ba a ɗora babba a kan ƙarami. Don a motsa faifan ƙasa sai an kwashe duk na samansa zuwa turke na uku, sa'an nan a sake kwaso su a ɗora masa, saboda haka ƙarin faifai ɗaya yana ninka aikin ya ƙara motsi ɗaya: 1, 3, 7, 15, 31. Jerin jimillar gidajen shaɗaranji ke nan. Tatsuniyar da aka haɗa wa wasan ta ce wasu masu bauta a wani ɗaki a Indiya suna fama da faya-fayan zinariya 64, ran da suka gama duniya ta tashi. In suna motsi ɗaya kowace daƙiƙa, watau kashi ɗaya cikin sittin na minti, ba hutu ba kure, za su bukaci kimanin shekara biliyan 585, fiye da sau arba'in na shekara biliyan 13.8 da masana taurari ke ƙiyasta wa sararin samaniya.

A kwamfuta kuwa ba tatsuniya ba ce. Na'urar tana rubuta lambobi da alƙaluma biyu kaɗai, 0 da 1, inda darajar kowane gurbi ke ninka ta na damansa, daidai da gidajen allon Sissa. Yawancin kwamfutoci da wayoyin hannu na yanzu suna aiki da ma'ajiya mai gurbi 64. In aka cika kowane gurbi da 1, an tara 1 da 2 da 4 har zuwa 2⁶³ ke nan, saboda haka 18,446,744,073,709,551,615 ita ce lamba mafi girma da ma'ajiyar ke ɗauka, kuma a rubutun na'ura 1 ce guda 64 a jere. Ɗaya daga cikin masu raba ta, 65,537, ita ce aka fi zaɓa a tsarin ɓoye saƙo na RSA wanda bankuna da shafukan intanet ke amfani da shi, saboda gagara-rabo ce kuma a rubutun na'ura 1 biyu kawai gare ta da sifiri 15 a tsakani, abin da ke sauƙaƙa lissafi.

In ma'ajiyar ta cika aka ƙara mata ɗaya, kowane gurbi zai juye zuwa sifiri ya tura ɗaya gaba, na ƙarshe ya rasa inda zai tura, sai ƙirga ya komo 0, kamar yadda agogon mil na tsohuwar mota ke yi in ya kai 99,999. Haka kuma in aka ɗebe ɗaya daga sifiri, sai a faɗo kan lambarmu. Shi ya sa wani lokaci ma'aikaci ke ganin alƙaluman nan ashirin sun fito masa a allon kwamfuta a gurbin girman fayil ko yawan kaya a sito: na'urar ta rubuta ɗaya ƙasa da sifiri ne, manhajar da ke karantawa kuma ba a shirya ta ta gane lambar da ke ƙasa da sifiri ba.